Al-Jahiz, Malamin Basra da Ya Aika a Tambayo Mahauci

Ranar da na fara cin karo da labarin nan, dariya na yi ni kaɗai a ɗaki har uwargida ta leƙo ta ga ko lafiya. Wai a birnin Basra na ƙasar Iraƙi, yau fiye da shekara 1,100, wasu mutane suka haɗu a kan cewa idan aka soke raƙumi ya mutu, marainansa ɓacewa suke yi, haka ma jan naman nan mai kama da balan-balan da amale yake hurowa ta gefen baki lokacin barbara. Kowa ya yarda, tunda kowa haka ya ji. Wani malami mai ƙwala-ƙwalan idanu ne zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Sai ya aika wa wani tsohon mahauci na unguwar Babul Mugira da tambaya. Tsohon ya amsa cewa ai duk suna nan, wasa ne kawai irin na mahauta: sukan ce ba a samun maraina a wurin suka, kuma gaskiya ne, don a wuya ake suka, su kuwa suna can inda Allah ya ajiye su. Jama'a suka ji rabin zance suka tafi da shi. Malamin nan dai bai gamsu ba, ya sake aikawa cewa shi sai ya gani da idonsa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ga yaronsa ya shigo da abubuwan biyu a hannu.

Malamin shi ne Abu Usman Amru ɗan Bahar, wanda duniya ta sani da Al-Jahiz, kuma shi da kansa ya rubuta labarin a Kitabul Hayawan, wato littafin dabbobi. Dalilin da labarin ya taɓa ni kuwa, ni ɗan mahauci ne, jikan mahauci. A Zongon Paraku na tashi. Kakanninmu fatake ne da suka biyo hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja da jakuna, suka yada zango a Jugu, wasu ba su ƙara gaba ba. Da aka sa ni lakwal, ɓoye sana'ar Baba nake yi, Allah ya jiƙansa, saboda yara suna cewa ina ƙarnin jini. A aji kuma ana koya mana jikin dabba da Faransanci, da sunayen da ba sa zama a baki, ban taɓa kawo wa raina cewa abin da ke kan allo shi ne wanda Baba yake rabawa da wuƙa kowace asuba ba. Har yau ina ganin wannan kunya a idon yaranmu. Shi ya sa na ga ya dace mu san mutumin nan.

An haife shi a Basra wajen shekara ta 160 bayan Hijira, daidai da 776. Jahiz laƙabi ne, ma'anarsa mai fitattun idanu, kuma duk waɗanda suka ba da tarihinsa sun haɗu a kan cewa ba kyakkyawa ba ne. Wani danginsa ya ruwaito cewa kakansa baƙar fata ne, mai kora raƙuman wani mutumin ƙabilar Kinana. Gidan talakawa ne. An ga yaron yana tallar gurasa da kifi a bakin wata korama ta Basra da ake kira Saihan. Amma Basra ta lokacin, ko tallar kifi kake yi, ilimi zai same ka a hanya. Akwai babban masallaci inda malamai suke zama da'ira-da'ira, akwai kuma Mirbad, kasuwar raƙuma ta bayan gari, inda Larabawan ƙauye suke sauka da dabbobinsu da tsantsar Larabcinsu, malaman lugga suna bin su da alƙalami. Wanda ya san kasuwar shanu ranar da Fulani suka cika ta, ya san irin wurin. Ya yi karatu wurin Asma'i da Abu Ubaida da Abu Zaid Al-Ansari, manyan masana harshe, ya kuma koyi ilimin jayayya a kan aƙida wurin Nazzam.

Son littafi kuwa ya kai shi har yakan biya masu shagunan littattafai su bar shi ya kwana a ciki yana karatu. Ana ba da labari cewa wata rana ya nemi abinci, mahaifiyarsa ta kawo masa faranti shaƙe da takardunsa, don ya gane cewa abin da yake kawowa gida ke nan. Ya fita ransa a ɓace, wani mai hali ya ji abin da ya faru ya ba shi dinari 50, ya sayo gari da mai ya aika gida. Ko an ƙara wa labarin gishiri, uwar dai na gane ta. Irinta suna nan da yawa a Zongo, kuma ba laifinsu ba ne.

Rubutu ne ya fitar da shi. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya karanta abin da ya rubuta a kan shugabanci ya yaba, daga nan ƙofar Bagadaza ta buɗe. An ba shi aiki a ofishin wasiƙun halifa, kwana uku ya yi ya nemi a sauwaƙe masa. Ya gwammace ya rubuta littafi ya sadaukar ga wani babba a ba shi tukuici. Kitabul Hayawan ga waziri Ibn Zayyat ya miƙa shi, aka ba shi dinari 5,000. Zama kusa da sarauta kuwa zama ne kusa da wuta. A shekarar 847 sabon halifa Mutawakkil ya kama wazirin, ya mutu cikin azaba a wani tanderun ƙarfe mai ƙusoshi. Jahiz ya gudu, aka kamo shi a ɗaure aka kai gaban babban alƙali Ahmad ɗan Abi Du'ad, abokin gabar wazirin. Bakinsa ne ya cece shi, alƙalin ya sake shi, daga baya ma shi ya sadaukar wa littafinsa na fasahar magana, Al-Bayan wat Tabyin. Shi Mutawakkil ɗin ya taɓa kiransa don ya koyar da 'ya'yansa, da ya ga fuskarsa sai ya sa aka ba shi dirhami 10,000 aka sallame shi. Jahiz da bakinsa yake ba da wannan labari, ya mai da shi abin dariya.

To, mu koma kan littafin dabbobin. Juzu'i 7 ne, kuma duk wanda ya buɗe shi yana neman tsari irin na littafin makaranta zai sha haushi. Kusan juzu'i biyun farko gardama ce tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara. Yana cikin zancen tattabara sai ya kauce zuwa waƙa, daga waƙa zuwa labarin wani alƙalin Basra mai tsananin natsuwa, Abdullahi ɗan Sawwar, wanda ba ya ko motsi a zaman shari'a, har ranar da ƙuda ya nace wa gefen idonsa ya tilasta masa kai hannu a gaban jama'a. Da gangan yake wannan yawo, don kada mai karatu ya gaji. Ya ɗebo daga Alƙur'ani da hadisi, da waƙoƙin Larabawa, da littafin Aristotal na Girka da aka fassara zuwa Larabci, sannan daga bakin makiyaya, maharba, masunta, masu kiwon tattabaru da masu wasa da maciji. Abin da ya bambanta shi, kowane daga cikin waɗannan yakan auna shi, har shi Aristotal ɗin. Manufarsa kuma ya faɗe ta a fili: ya nuna hikimar Mahalicci a jikin halitta, kuma a wurinsa ƙaramar halitta ba ta gaza babba wajen zama hujja ba.

Shi ya sa ya tsaya a kan sauro. Ya lura cewa ɗan bakin nan nasa da bai kai gashi kauri ba yana huda fatar ɓauna, ya kwatanta shi da hancin giwa. Yau madubin ƙara girma ya nuna cewa bakin macen sauro, don ita ce mai cizo, allurai 6 ne a cikin kube ɗaya: wasu masu haƙora kamar zarto suna yanka fata, ɗaya tana zuba yawun da ke hana jini daskarewa, ɗaya tana zuƙa. Ya kuma rubuta yadda tururuwa take fasa ƙwayar hatsi kafin ta adana don kada ta tsira a rami.

Irin wannan kallo, wallahi a gaban teburin Baba na fara ganinsa, ban dai san sunansa ilimi ba. Ɗauki wuyan sa. Duk mahauci ya san wata jijiya rawaya mai tauri da ta taso daga ƙeya ta bi saman wuya har doron kafaɗa, wadda ko an kwana ana dafa ta ba ta yin laushi, masu sayen nama suna cewa a cire musu ita. Roba ce. Kan sa da ƙahoninsa kaya ne mai nauyi a ƙarshen dogon wuya, in da tsoka ce kaɗai take riƙe da shi, da kiwon yini ɗaya ya gajiyar da dabbar. Idan sa ya sunkuya cin ciyawa jijiyar tana miƙewa, idan zai ɗago sai ta taya shi jawowa, kamar danƙon harbin tsuntsu. Ko ka buɗe bakin saniya, yadda dillalai suke yi wa ragon layya don su san shekarunsa: babu haƙoran gaba a sama, dasashi ne mai tauri kamar katakon yanka. Harshe ya naɗo ciyawa, haƙoran ƙasa su danne ta a jikin dasashin, kai ya fizga. Can ciki kuma turame masu faɗi, muƙamuƙin yana tafiya gefe da gefe kamar dutsen niƙa, abin da muke gani ke nan idan tana tuƙa. Na kare ba ya zuwa gefe ko kaɗan, sama da ƙasa kawai, haƙoran gefensa suna wuce juna kamar almakashi. Ko ba ka taɓa ganin dabba da rai ba, a ba ka muƙamuƙinta za ka faɗi abincinta.

Muna yara, idan an yanka kaza mukan karɓi ƙafar mu ja farar jijiyar da ta leƙo, yatsun su dunƙule, mu saki su buɗe, mu bi 'yan mata da ita suna ihu. Ashe darasi ne muke wasa da shi. Babu tsoka a yatsun da za ta iya wannan riƙo, naman yana can sama a cinya, igiya ce kawai ta sauko. Haka ƙafar doki take, sai dai abin ya fi ban mamaki. A lokacin Gani, a Nikki ko a Jugu, ka dubi dokin da aka yi wa ado da kyau: nama duk yana cinya da kafaɗa, daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa ƙashi ne da jijiya da fata. A kan yatsa ɗaya tak yake tsaye, kofato farcensa ne, abin da muke ɗauka gwiwar baya ce ta juya kuwa diddigensa ne, inda agara take kamawa. Ƙafar da ba ta da nauyi a ƙasa ta fi saurin wurgawa, kamar yadda sanda ta fi taɓarya saurin juyawa a hannu. Jijiyoyin kuma suna miƙewa idan ya taka, su mayar da ƙarfin idan ya ɗaga, kamar sifirin ɗin babur ɗin zemijan. Har wata dabara gare shi ta kulle gaɓoɓin ƙafa, shi ya sa yake gyangyaɗi a tsaye ba ya faɗuwa.

Ba zan ce Jahiz ya san duk wannan ba, don bai sani ba. Wani wurin ya dace, wani wurin ya kauce. A kan raƙumin dawa ya dace. Mutanen zamaninsa suna cewa wai haɗin gambiza ne, an samo shi daga barbarar taguwa da wasu namun daji. Ya ƙi yarda, ya nuna cewa sunan da Farisawa suka ba shi, wanda ya haɗa raƙumi da saniya da damisa, shi ya ruɗi mutane, alhali kama ce kawai ake nufi. Mu ma da muka ce masa raƙumin dawa ai ba mu ce taguwa ce ta haife shi ba. Wanda ya je Kure a Nijar, kusa da Yamai, ya gan su yadda suke tale ƙafafun gaba kafin baki ya kai ruwa. Duk tsawon wuyan nan ƙashi 7 ne a ciki, daidai da nawa da naka, kowanne ne dai aka ja shi ya yi tsawo.

A kan jimina kuwa rabi ya samu. Ya tabbatar tana haɗiye duwatsu, amma ya ɗauka zafin cikinta ne yake narkar da su. Matar da ta taɓa gyara zabo ta fi shi sanin wannan: ƙundu ta tsaga ta ga tsakuwa a ciki. Tsuntsu ba shi da haƙori, ƙundu ne turminsa, tsakuwar ce take niƙa hatsin har ita ma ta side. Sai kada. Ya ɗauko daga Aristotal cewa duk mai tauna muƙamuƙin ƙasa yake motsawa, ban da kada, shi na sama yake ɗagawa. Ba haka ba ne. Na saman a manne yake da ƙoƙon kai, kan ne gaba ɗaya yake ɗagawa idan ya hangame baki a bakin ruwa, ido ya ga kamar na sama ne ya buɗe. Babu kada a kogin Basra, babu kuma mahaucin da zai aika wa. Inda ya samu ya taɓa da hannu ya fi dacewa, inda ya dogara da littafin wani nan ya fi zamewa, ni dai haka na lura.

Lissafin abin sai bayan shekara 800 ya zo. Wani Ba'italiye, Giovanni Borelli, wanda aka haifa a 1608 ya rasu a 1679, ya auna ƙashi da tsoka kamar yadda ake auna sikeli, littafinsa a kan motsin dabbobi ya fito a Rum a 1680. Abin da ya gano, mai lambu da jigo zai gane shi nan take. A jigo, guga yana can ƙarshen dogon hannu, curin laka yana gajeren hannu kusa da gwafa. Dole lakar ta fi gugan nauyi, amma ɗan motsi kaɗan za ta yi gugan ya yi tafiya mai nisa. To haka hannunka yake. Tsokar damtse tana kama ƙashi kamar santimita 4 daga gwiwar hannu, tafin hannu kuwa yana wajen santimita 32. Ka riƙe kilo 5 na nama, tsokar tana jan abin da ya kai kilo 40. Asarar ƙarfi ce, ribar ita ce sauri da nisan kai hannu. Dabbar gudu an ƙara mata tsawon dogon hannun jigon, mai tono irin dabgi kuwa an ƙara mata gajeren, ta samu ƙarfi ta rasa sauri. Kafin shi, a 1638, Galileo ya nuna dalilin da ya sa ƙafar giwa take kamar ginshiƙi: idan dabba ta ninka biyu ta kowane gefe, nauyinta sau 8 yake ƙaruwa, kaurin ƙashin da zai ɗauke shi kuwa sau 4 kawai. Dole ƙashin babba ya fi na ƙarami kauri fiye da kima, ya kuma tsaya a miƙe. Giwayen Panjari ba sa tsalle, barewa kuwa sai ka ce ba ta taka ƙasa.

Akwai masu rubutawa a intanet cewa wai Jahiz ya riga Darwin da shekara 1,000. Ni ban ga haka ba. Gaskiya ne ya yi bayanin yadda kowace dabba take cin wata ita ma a ci ta, da yadda ƙasa da iska suke shafar launi da halin mazauna wuri. Amma tambayar da yake yi daban ce da ta Darwin, kuma ba ya buƙatar aron rigar wani kafin a girmama shi.

Wani abin kuma ba zan ɓoye ba, don na san malamanmu za su tambaya. Jahiz ɗan Mu'utazila ne, har akwai reshen da ake kira da sunansa. Alƙalin da ya sake shi, Ibn Abi Du'ad, shi ne jagoran fitinar cewa Alƙur'ani halitta ne, wadda aka yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala a kanta, kuma alƙalamin Jahiz yana ɓangarensu. Ibn Ƙutaiba ya soke shi da cewa yana wasa da hujja, yau ya kare abu gobe ya rushe shi. Abdulƙahir Al-Bagdadi ya zarge shi da kwashe littafin Aristotal. Duk da haka Ibn Haldun ya ruwaito daga malamansa cewa Al-Bayan wat Tabyin ɗaya ne daga littattafai huɗu da ilimin adabin Larabci ya tsaya a kansu. Ni ba wurinsa nake ɗaukar tauhidi ba, a Zongo na ɗauka wurin malamaina. Wannan ɗabi'a tasa ta iya kare kowane ɓangare ita ce ma ta sa nake taka-tsantsan da littafinsa Fakhrus Sudan alal Bidan, inda ya jero abin alfaharin baƙaƙe, ya kawo su Luƙman da Bilal da Sa'idu ɗan Jubair. Yana da daɗin karantawa ga irinmu, amma mutumin ya rubuta makamancinsa a kan falalar Turkawa, ya kuma cika littafi guda da labaran marowata yana ba su bakin kare kansu.

An lissafa masa littattafai wajen 200, kaɗan ne suka iso gare mu cikakku. Kitabul Hayawan ma yana rubuta shi ne cikin tsufa da ciwo, ya koka da hakan a ciki, kuma bai kai inda ya so ba. Abdussalam Harun ya tace shi ya buga a Alƙahira daga 1938 zuwa 1945, bugun da aka fi dogara da shi ke nan. A ɗakin karatu na Ambrosiana a birnin Milan na Italiya akwai ragowar wani tsohon kwafi na hannu mai zane-zane, har da raƙumin dawa da jimina a kan ƙwanta.

A ƙarshen rayuwarsa ya koma Basra. Shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ɗaya ɓarin kuma ciwon gaɓoɓi, har yakan gaya wa masu zuwa dubiya cewa rabinsa ko an yanka ba zai ji ba, ɗaya rabin kuwa ƙuda ya gifta sai ya ji zafi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon yadda gaɓoɓi suke aiki, nasa suka ƙi. Ya rasu a watan Muharram na shekara ta 255, wato ƙarshen 868 ko farkon 869, ya haura shekara 90. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne tarin littattafan da ya jera kewaye da shimfiɗarsa ne suka rufto masa. Marubutan baya ne suka kawo wannan, kuma da yana nan, ina jin sai ya aika Basra a tambayo wanda ya yi masa wanka.